Ladan Aikin Da Ido Ba Ya Gani

Ya ku 'yan makaranta, yau wata shari'a na kawo muku ku duba, ko da ya ke ni ne mai ƙara, kuma ina tsoron kada a ƙarshe a tarar har da ni cikin masu laifi. Ga yadda abin ya faru.

Wata shekara, ana sauran kamar wata biyu ruwa ya sauka, na tashi zan rufa wa tsohuwata ɗaki da kwano a garinmu, can yamma da Anka. Aka kira mini wani dattijon kafinta, ya zo da yaransa biyu. Ya kewaya ginin, ya auna, ya tsuguna ya yi lissafinsa a ƙasa da tsinke, sa'an nan ya faɗi kuɗin katako da na ƙusa da na aikin hannunsa. Ni kuwa da ma na zo da shirin ciniki, don kada a ce an cuci ɗan boko a garinsu. Na taya rabi, ya ce albarka. Na ce masa akwai wani a bakin kasuwa da ya ce zai yi ƙasa da haka, kuma ba ƙarya na yi ba, akwai shi. Dattijon nan ya yi shiru, can ya ɗaga kai ya ce, "Malam, rufi biyu ne. Akwai wanda za ka gani, akwai wanda ba za ka gani ba. Wanne ka ke ciniki?" Na ɗauka zaurance ne irin na masu sana'a. Na yi dariya, na ce, "Baba, ni dai ɗaki na ke so a rufe." Muka daidaita a kan abin da ya ɗara rabi kaɗan. Cikin kwana uku aka gama, kwano yana ta walƙiya, duk wanda ya zo sai ya ce madalla.

Hadarin farko bai yi kome ba. Na biyu ya taso daga gabas da la'asar sakaliya, ya ɗauke rufin nan ɗungum, ya kifa shi cikin gidan maƙwabci. Allah Ya kiyaye, a sa'an nan tsohuwa tana wajen murhu. Da gari ya waye muka duba, sai muka ga katakon da ya kamata a jera kusa da kusa an wawware shi, inda ya kamata a buga ƙusa uku an buga ɗaya, langalangar da a ke ɗaure rufi da ita a jikin bango kuwa a kusurwa huɗu kaɗai aka sa ta. Iska in ta bi ta kan rufi tsotsarsa ta ke yi sama, in ta sami ƙofa ta shiga ƙarƙashinsa kuma ta tura shi, saboda haka nauyin kwano ba ya riƙe rufi, ɗauri ne ke riƙe shi. Wannan duk daga baya na sani.

To, wa ya ɗauke rufin nan? Iska, ko kafinta, ko ni?

Kafin mu shiga shari'ar, ya kamata ku san ko wane ne kafinta, gama sunan nasa ma aro ne daga bakin Turawa. Wanda kakanninmu suka sani shi ne masassaƙi, mai gatari da gizago, wanda ya ke shiga daji ya zaɓi kirya ko maɗaci ko marke, ya fito da turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da ƙotar fartanya. Daga gungume guda ya ke fafe abinsa. Rufin soro kuwa aikin magina ne, da azarar giginya da ƙasa. Mai zarto da ƙusa, mai tsaga katako ya haɗa wannan da wancan, bai yaɗu a ƙasar Hausa ba sai zamanin Turawa, tare da kwanon rufi da tebur da benci. A makarantar da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, akwai sashen sana'o'in hannu, har da aikin katako. Amma ba a daɗe ba mutane suka gane inda albashi da girma su ke. Wanda ya iya alƙalami ya zama akawun En'e ko malamin makaranta, ya sa farar riga, a gaishe shi a hanya. Wanda ya iya zarto ya tafi ma'aikatar ayyuka, yana jiran akawun nan ya rubuta sunansa ranar biya. Turawa sun miƙa mulki tun 1960, En'e ma ta zama labari, amma wannan ra'ayi yana nan daram a zukatan iyaye, kuma na san yana cikin zukatan da yawa daga cikinku.

Akwai wani bambanci tsakanin masassaƙi da kafinta wanda shi ne gindin maganarmu. Mai sayen turmi a kasuwar Gummi ko ta Nasarawar Burkullu yakan juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa cikinsa, in da tsaga ya gani, in icen ɗanye ne ya ji nauyinsa. Abin da a ke ciniki yana gaban ido. Mai ba da aikin rufi kuwa ciniki ya ke yi a kan abin da ba a yi ba tukuna, bayan an yi shi kuma kwano ya rufe shi ta sama, silin ya rufe shi ta ƙasa. Watau alkawari ya ke saye. Ni kuwa na je na yi cinikin alkawari kamar mai cinikin turmi.

Bari mu lissafa abin da a ke biya in an biya kafinta, gama yawancinmu in an faɗa mana kuɗin aiki sai mu raba shi da kwanakin da muka ga mutumin a gidanmu, mu ce kai, wannan ai ya fi malamin makaranta samu. Dokar da aka sa wa hannu cikin Yuli 2024 ta ɗaga mafi ƙanƙantar albashi a Nijeriya zuwa naira 70,000 a wata, daga naira 30,000 na 2019. In kun raba 70,000 da kwanakin aiki 26, za ku sami kusan naira 2,700 a yini. Amma ma'aikacin ofis ana biyansa ko an sami aiki ran nan ko ba a samu ba, ko yana da lafiya ko yana kwance. Dokar kuma ba ta hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ba ta hau kan wanda a ke biya gwargwadon abin da ya ƙera ba, saboda haka babu kafintan Anka ko Bukkuyum da ta yi wa rumfa. Shi aikinsa na lokaci ne: gini da rani, kayan ɗakin amare bayan kaka sa'ad da manoma suka sayar da amfanin gona, da damina kuwa sau da yawa sai ya rataye zarto ya ɗauki fartanya. A ce cikin kwana 26 ɗin nan ya sami aiki a 13 kurum. Ashe sai ya karɓi ninki biyu na 2,700 a ko wane yini kafin ya kamo mafi ƙanƙantar ma'aikaci, kuma daga ciki zai ciyar da yaransa, ya wasa zarto, ya sake guduma, ya sayi mai in yana da injin. Wani masani mutumin Sikotilan, Adam Smith, ya lura da wannan cikin littafinsa na 1776, inda ya nuna lada yakan bambanta saboda wahalar koyon sana'a, da rashin samun aiki kullum, da kuma yawan amanar da a ke ɗora wa mai ita. Duk ukun sun taru a kan kafinta, amma mu a wajen ciniki ba mu lissafa ko ɗaya.

Sa'an nan ga katako. Ƙasar nan tamu ba ta da manyan itatuwan tsagawa, yawancin katakon rufi daga kudu a ke kawo shi, daga dazuzzukan Edo da Ondo da wajen Sapele, a sauke a Gusau ko Sakkwato, a sake lodi a bi ta Mayanci zuwa Anka, a wuce Ɗaki Takwas zuwa Gummi. Ko wace mota da kuɗinta, kuma tun da aka cire tallafin mai cikin Mayu 2023 kuɗin ya yi tsalle. Itatuwan da mu ke da su kuwa, dajin da su ke ciki ya zama wurin da mai gatari ke tsoron shiga saboda 'yan bindiga. Madobiya ma, wadda ta ke da kyawun jiki, an yi ta sararta a Nijeriya ana kai wa ƙasar Sin, har daga farkon 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta ke tsare cinikinsu. Mai sayar da katako ba ya rage wa kafinta ko kwabo don ni na iya ciniki. Mai ƙusa ma haka. To, abin da na rage, daga ina zai fito? Wurare biyu ne kurum suka saura, katakon da ba zan gani ba, da abincin yaran nan biyu.

Na san abin da mai wayo daga cikinku zai ce. Zai ce, "Malam, ai ciniki yarda ne. Ba ka sa masa wuƙa a wuya ba. In kuɗin bai ishe shi ba, me ya hana shi ya ce a kai kasuwa? Tun da ya karɓa, wajibi ne ya yi aiki sosai, ko da zai faɗi." Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuwa zan yi kamar ban ji ta ba. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu alƙalan ƙasar nan suka gada, sun tsananta a kan masu sana'a. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an ɗora musu lamunin kayan mutane da aka kai musu in sun salwanta, don kada amana ta zama abin wasa. Wanda ya karɓi lada a kan rufi ya kuma yi wanda ya san iska za ta ɗauka, alhali ya san mutum zai kwana ƙarƙashinsa, ya yi algus, kuma algus ɗin da ya fi na mai zuba ruwa a nono muni, gama wannan rai ya ke taɓawa. Talauci yana sa a tausaya masa, amma ba ya wanke shi. Hanyoyi biyu na gaskiya suna gabansa ran nan: ko ya ƙi aikin, ko ya buɗe baki ya ce mini, "Da wannan kuɗi katako kaza zan rage, ɗauri kaza zan bari, in iska ta zo babu ruwana." Sai ya zaɓi ta uku, ya yi mini magana a dunƙule, wadda za ta ba shi hujja gobe ba tare da ta hana shi aiki yau ba. Ina kuma ƙara masa da laifin da ya zama ruwan dare ga 'yan sana'arsa, watau karɓar kafin alƙalami a wuri uku da rana ɗaya, sa'an nan a yi ta ce wa mutane gobe, gobe, har amarya ta tare babu gado.

Amma fa malaman nan dai su ne suka ce ijara ba ta inganta sai an san aikin an san ladan. Mu ladan kaɗai muka sani. Ban tambaye shi katako nawa ba, ko mai wane kauri, ko taku nawa tsakanin wannan da wancan, ban kuwa bar tambayar don mantuwa ba. Na bar ta ne don na ji a jikina amsar za ta hana ni arahar da na ke nema. Mutum ya ce maka rufi biyu ne, ka yi dariya ka kau da kai, ai ka ji. Yarda kuma da a ke faɗi, yardar wanda ya ƙoshi da ta wanda ya bar gida babu cefane ba ɗaya ba ce. Na san rani ya yi nisa, na san aiki ya yi wuya a garin, da wannan sanin na yi ciniki, har na ɗauko masa sunan abokin gasa na ɗora masa a wuya. In dubara ce, to, dubarar mai riƙe da kuɗi ce a kan mai riƙe da yunwa.

Abin bai tsaya kaina ni kaɗai ba, kuma nan ne na ke so ku daɗe kuna tunani. A ce dattijon nan ya ƙi, kamar yadda mai wayonmu ya so. Da na tafi wurin na bakin kasuwa, wanda zai karɓa da murna ya yi mini irin wannan rufi ko wanda ya fi shi lalacewa. Gobe maƙwabcina ya ji nawa na biya, ya ce shi ma ba zai wuce haka ba. Kafin shekara uku kuɗin rufin banza ya zama shi ne kuɗin rufi a garin, mai gaskiya kuwa ko ya bar sana'a ko ya bar gaskiya. Tun da ido ba ya rarrabe aikin kirki da na algus ranar da aka gama, kasuwa ba ta iya saka wa mai kirki, sai fa in masu ba da aiki sun ɗaura niyyar biyan abin da ba su gani ba. Shi ya sa na ke ganin mai matse kafinta har ya wuce iyaka yana da hannu a cikin rufin mutanen da bai taɓa shiga gidansu ba. Araha ba ta ado, haka Hausawa suka ce, amma sun faɗe ta a kan tufa, wadda in ta yage mai ita kaɗai ke jin kunya.

Yanzu ga yaran nan biyu. Yadda a ke koyon kafinta a garuruwanmu kun san shi. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin mai shago, da ɗan goro, ya ce ga amana. Yaro ya shekara yana share ƙaiƙayin katako, yana miƙe tsofaffin ƙusoshi, yana goga samfefa, ana aikensa gidan maigida ɗebo ruwa. Abin da ya ke samu shi ne kuɗin abinci in an yi aiki, da na sabulu in maigida ya ga dama. Babu ranar gamawa sai ran da aka ce an yaye shi. Akwai masu gida na kirki, waɗanda ke ɗaukar yaro kamar ɗan cikinsu, har su haɗa masa kayan aiki ranar yaye. Akwai kuma masu ɓoye sani, waɗanda in an zo wurin awo da yanka sai su aiki yaro sayen ƙusa, don kada ya iya ya buɗe shago kusa da nasu. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta yi magana a kan wannan: yaron da ya wuce shekara 12 bai kai 16 ba, iyayensa na iya ba da shi koyon sana'a da yardarsa, a rubuce, a gaban jami'in ƙwadago, kuma kada wa'adin ya wuce shekara biyar. Ni dai ban taɓa ganin irin wannan takarda a shagon kafinta ba. A Jamus kuwa ɗan koyo shekara uku ya ke yi, yana raba lokacinsa tsakanin shago da makaranta, ana biyansa albashi mai ƙaruwa ko wace shekara, a ƙarshe ya ƙera abu guda da hannunsa a kawo gaban gwanaye su duba. Ban kawo wannan don in ce mu zama Jamusawa ba. Na kawo shi don ku ga yaro yana iya sanin ranar da wahalarsa za ta ƙare, kuma wanda ya san ranar ya fi iya haƙuri.

A yammacin Zamfara rashin sanin ranar nan yana da tsada, gama akwai mai kiran yaro daga wani gefe, shi ne ramin zinariya. Wanda ya shekara biyu yana goga samfefa a kan kuɗin sabulu, in ya ga tsaransa ya dawo daga daji da sabon babur, da me za ka riƙe shi? Kun kuwa san abin da zinariyar nan ta jawo. Cikin 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda duwatsun da a ke kawowa gida a daka a niƙa suna ɗauke da dalma, ƙurar ta bi ƙasa da abinci ta shiga jikin ƙanana. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka sha magani a hannun likitocin ƙungiyar MSF, garin Bagega kuwa sai cikin 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Abin tausayi, har da turmin da masassaƙi ya sassaƙa don dakan hatsi aka riƙa dakan dutsen. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara cikin Afrilu 2019, ta ɗage hanin cikin Disamba 2024. Ba na cewa cinikina ne ya haƙa ramukan nan. Amma sa'ad da na sake kiran dattijon, da yaro ɗaya ya zo. Na tambayi ɗayan, ya ce, "Ya tafi daji, Malam. Ya ce katako ba ya ciyarwa."

To, ku da ke kan benci yanzu, ina ruwanku da wannan duka? Ruwanku shi ne, ko dai ku zama masu ba da aiki, ko ku zama masu yinsa, kuma ina roƙon waɗansunku su yi tunanin na biyun ba tare da jin kunya ba. Masu karatun Hadisi sun san ya zo cikin Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya kafinta ne, masu karatun Linjila kuma sun san sana'ar Yusufu mijin Maryamu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa masu aikin katako cikin masu sana'ar da wajibi ne sarki ya kula da su ya zaunar da su a garuruwa, tare da manoma da maƙera da maɗinka. Ibn Haldun ma ya keɓe wa sana'ar fasali guda cikin Muƙaddima, ya ce ba ta kammala sai da sanin lissafin awo.

Wannan ta ƙarshe ita ce gonarku. Ga misali. Ɗaki mai faɗin ƙafa 24, ana so tsakiyar rufinsa ta tashi ƙafa 5. Rabin faɗin 12 ne. Ku ninka 12 da kanta, 144. Ku ninka 5 da kanta, 25. Ku haɗa, 169, wanda shi ne 13 sau 13. Ashe ko wane katakon gangare zai zama ƙafa 13, ban da abin da zai leƙo waje. Katakon tu-bai-fo kuwa yawanci ƙafa 12 a ke sayar da shi. Yaron da ya san wannan tun yana zaune ya san sai an yi haɗi, ya san katako nawa zai saya, ya kuma iya rubuta wa mai gida lissafin a takarda ya ce ga abin da kuɗinka zai saya, ga abin da ba zai saya ba. Haka nan in yana so kusurwa ta miƙe, ya auna ƙafa 3 a gefe guda, 4 a ɗaya gefen, in tsakaninsu ya ba da 5 ta yi daidai. Dattijona ya san wannan duka da ido da hannu, ya kuwa fi ni saninsa nesa, amma bai iya sa shi a takarda ba, shi ya sa maganarsa ta fito kamar kacici-kacici. Aikin da ido ba ya gani, alƙalami yana iya nuna shi kafin a rufe.

Hanyoyin samun shaida suna nan, ko da ya ke ba su da faɗi. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai daraja uku, a fara daga ta uku a hau zuwa ta ɗaya, kuma wanda ya koya a shago yana iya shiga. Kwalejojin fasaha suna kai ɗalibi ga jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa cikin 1992. Hukumar NDE, ta zamanin Janar Babangida, tana da shirin sa matasa koyon sana'a a shagunan gwanaye. Mai son ya wuce nan zuwa fasahar gini, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, ga ta Abdu Gusau a Talatar Mafara. Amma kada in ruɗe ku. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara cikin 1982 ya yi alkawarin ko wane ɗan ƙaramar sakandare zai taɓa zarto, aka kawo injuna makarantu da yawa inda babu wuta babu malamin da zai tashe su, suka tsufa cikin akwatunansu. Takarda kuma ba ta buga ƙusa. Wanda ya sami shaida bai zauna ƙarƙashin gwani ba, yaron shago zai ba shi kunya ran farko.

Kasuwar ma ta sake. Ƙofa da taga sun koma hannun masu walda da masu alminiyam, kujerar roba ta kori benci daga wurin biki. Abin da ya saura a hannun kafinta shi ne rufi da silin, da katakon zubin kankare, da gado da kabad da kujerun ɗakin amarya, da teburan makaranta, da jiragen da mutanen Gummi ke ƙetare gulbi da su zuwa gona. Kuma akwai gini mai yawa da ke jiran hannu a ƙasar nan, ta hanyar da ba wanda ya so. Cikin Janairu 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a ƙasar Anka da Bukkuyum, suka kashe mutane masu yawa suka ƙone gidaje. Cikin Agusta 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa a Gummi. Duk wanda zai koma ya sake zama, sai an rufa masa ɗaki, kuma yawancinsu za su zo wurin ciniki da aljihu wanda ya fi nawa rauni nesa ba kusa ba. A nan tambayarmu za ta ƙara tsanani, gama ni na matse kafinta don son araha, su kuwa za su matse shi don babu. Wanda zai yi musu aiki sai ya iya gaya wa mai ƙaramin ƙarfi gaskiya a fili, ya ce kuɗinka ba zai rufe ɗaki biyu ba, mu rufe ɗaya mu ɗaure shi sosai, ɗayan ya jira kaka.

Dattijon nan shi na sake kira, ba wani ba, abin da ya ba mutanen gidanmu mamaki. Da ya zo bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Muka zauna a zaure, na ɗauko takarda, na ce, "Baba, faɗa mini rufin da ba zan gani ba." Ya faɗi katako ɗaya ɗaya da kaurinsa, da tazarar da zai bari, da yawan langalanga, da baƙin man da za a shafa saboda gara, ina rubutawa. Da muka zo kan kuɗin hannu na ce ya ware na yaron dabam, ya dube ni kamar zai yi magana, ya fasa, ya faɗi. Jimlar ta fi abin da ya nema da fari, gama katako ya tashi a tsakani, kwano kuma rabinsa ya lanƙwashe. Kwana shida suka yi. Ran na huɗu, kafin a ɗora kwano, ya aiko yaron ya kira ni, ya sa na hau tsani da takardata a hannu, na ƙirga.